Sai an Gaida Kaka Ake Taɓa Gem

Kwanakin baya ina cikin adaidaita sahu, mun taso daga wajen Shahuci, wani yaro na zaune kusa da ni ya duƙufa kan waya, manyan yatsunsa sai rawa suke yi. Can na ji ya ja tsaki ya ce, "Kash, na mutu." A hankali ya faɗa, kamar mai cewa ya manto hularsa a gida. Na dubi direba, ko waiwaye bai yi ba. Dattijon da ke ɗaya gefen yana ta jan carbinsa. Ni kaɗai maganar ta daka, kuma na san dalili. A ɗakin da na tashi ba a faɗin wannan kalmar.

Ni ɗan fari ne. In kai ɗan cikin birni ne ka san abin da wannan ke nufi a zamaninmu. Umma ba ta kiran sunana, ba ta zama ta yi hira da ni, in na shiga ɗakinta sai ta sami abin yi a tsakar gida. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kuma yabonta ake yi a kai. Da aka yaye ni sai aka miƙa ni wajen Kaka, mahaifiyar Baba, can ƙuryar gidanmu na Yakasai. Ƙannena duk mata ne, suna ɓangaren Umma da 'yar tsanarsu da gaɗarsu. Ni kuwa ni da Kaka ne. Maigida take ce mini. Kullum da safe in na buɗe ido sai ta ce, "Maigida, yau ma ba cefane? Ni dai na yi dacen rago." Ni kuma in ce na sake ta, zan nemo yarinya. Ta ce wa zai ɗauke ni da wannan kan nawa.

Ɗakinta soron ƙasa ne mai azara, da sanyinsa ko ana tsakiyar bazara. Akwai gadon ƙarfe mai rumfa, da jeren kwanoni a bango waɗanda ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba, da buzunta na salla. In ka shiga, warin man zafi ne zai fara tarbarka, sannan turaren wuta, sannan goro. Man zafin na gwiwoyinta ne. An ce da can Kaka mace ce mai ƙafa: daga Yakasai har Dala ba a suna, ba a biki, ba a zaman makoki ba ta je ba. Ni ban riski wannan ba. Ni na tarar da ita ciwo ya zaunar da ita, iyakar tafiyarta daga gado zuwa bakin ƙofa, daga nan zuwa banɗaki da sanda.

Da farko, in ji ta, ana zuwa dubiya. Daga baya ƙafa ta ɗauke. Tsararrakinta wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu su ma nasu ciwon ya kama su. Sai ta riƙa zama a bakin ƙofa bayan la'asar, ta miƙe ƙafa, tana sauraron zaure. Tana gane mutum da ƙarar takalminsa. In an yi sallama sai ta gyara ɗankwali, ta kasa kunne, takun ya taho, ya taho, sai ya karkata ɓangaren Umma. Sai ta ce, "Ba wajenmu ba ne, Maigida," ta ɓare goro. Ina yaro, amma na san wannan zaman ba daɗi gare shi ba, don ni ma a cikinsa nake.

Baffana, ƙanin Baba, shi ya saya mata talabijin don ta rage kewa. Ba ta damu da ita ba. Ta ce mutanen ciki surutu gare su, kuma in ka yi musu magana ba sa amsawa. Sai aka lulluɓe ta da ƙyalle mai ado, ta zama ɗaya daga cikin kayan jere. Baffan nan ne kuma, da ya dawo daga fatauci Ikko, ya zo mini da gem. Ɗan akwati ne na roba, da kaset mai ruwan ɗorawa, da abubuwan dannawa guda biyu masu dogayen wayoyi, waɗanda muke ce wa hannu. Da yake talabijin ɗin Kaka ce kaɗai a gidan, a ɗakinta aka jona shi.

Ranar farko ba zan manta da ita ba. Kaka ta lallaɓa banɗaki yin alwala, ni kuma ina zaune ina tuƙa wani ɗan mutum a cikin talabijin, yana gudu yana tsallake ramuka. Na zo wani rami mai faɗi, na danna, bai kai ba. Na kurma ihu iyakar ƙarfina, "Wayyo Allah, na mutu!"

Sai na ji buta ta faɗi. Matar da ba ta taku biyar sai ta huta, sai ga ta a bakin ƙofa babu sanda, ɗankwali a hannu, tana salati. Umma ma, da duk kunyarta, ta taho da gudu da muciya. Har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambayar wa ya rasu. Suka same ni zaune daram, da hannun gem a cinya. Umma ta juya ta koma ɓangarenta. Kaka kuwa ta zame ta zauna a dokin ƙofa, tana haki. Da numfashinta ya dawo, ban ga wasa a fuskarta ba.

"Na binne miji, na binne 'ya'ya," in ji ta. "A ɗakin nan ba za ka zauna kana kira wa kanka ba. Kada in ƙara ji."

Na yi ƙoƙarin yi mata bayani, cewa ba ni ba ne, ɗan mutumin ne, kuma ba komai, rai uku gare shi. Ta dube ni, ta dubi talabijin. "Rai uku? Wa ya ba shi?" Daga ranar aka kafa doka: ba a cewa na mutu, ba a cewa ya mutu. Sai dai a ce ya faɗi. Ita kuwa bawan Allah take ce masa. In ya faɗa rami sai ta girgiza kai ta ce, "Wannan bawan Allah, me ya tsare muku?"

Labari ba ya kwana a lungunmu. Kafin mako ya zagayo, yaran da ba su taɓa sanin ina duniya ba sun zama abokaina. Suna taruwa a zaure, suna leƙe, suna aiko ƙaramin cikinsu ya kira ni. Baba ya ce shi ba za a mai da masa gida kasuwa ba. Umma ta aika wa Kaka cewa za su cika mata ɗaki da ƙasa da hayaniya, ga ta ba lafiya ba. Kaka ta ce a bar su su shigo, ɗakin nata ne. Amma ta ƙara doka ta biyu, wadda ta fi ta farko tsanani: ba mai taɓa hannu sai ya gaishe ta.

Kuma ba gaisuwar tsaye ba. Sai ka cire takalmi a waje, ka yi sallama, a amsa, ka shigo ka durƙusa. Ina wuni, ina gajiya, yaya jiki. Ka gama naka, sannan ita ta fara nata. Ɗan gidan wa ne? Au, jikan wance ne kai? Tana nan kuwa? Idon nata ya yi sauƙi? Yayarka da aka kai Dala ta sauka? Me aka samu? Wa aka yi wa takwara? Yaro yana durƙushe, idonsa na kan talabijin, ƙafarsa na ƙaiƙayi, amma dole ya amsa tiryan-tiryan, don in ya yi mata gaggawa sai ta ce ya koma bayan layi. Wanda ya zo da labari mai daɗi kuwa, ko da shi ne na ƙarshe, sai ta ce, "Maigida, miƙa wa wannan hannu." In za su tafi, kowa da saƙonsa: ka gaida kakarka, ka ce ina yi mata barka, ka gaida babarka, ka ce na ji abin da ya faru, Allah ya ba da haƙuri. Washegari kuma sai ta bi bashin gaisuwarta. "Ka faɗa mata?" "Na faɗa, tana amsawa."

Haka unguwar da ƙafarta ta kasa zuwa ta dawo tana shigo mata ɗaki kowace yamma. Har ta kai mata suna ba yaransu ƙullin goro ko 'yar daddawa su kawo mata, wasu ma su biyo yaran da kansu, wai sun zo kama mai ƙin zuwa aike, su ɓuge da hira har magariba. Na ga Kaka ta sa an ciro mata zannuwan da ta daɗe ba ta ɗaura ba. Ta koma sa kwalli.

Har aiki ta samu a cikin harkar. Kaset ɗin nan yakan yi gardama, ka saka shi hoto ya fito a wargaje. Maganinsa a cire a hura masa iska a mayar. Da ta ga muna yi, sai ta ɗauka tofi ne. Ta ce, "Ku da ko alwala ba ku da ita? Kawo nan." Ta karɓa, ta yi bisimilla, ta karanta abin da ta karanta, ta tofa a hankali. Aka saka, sai ga hoto tar. Ɗakin ya kaure da sowa. Daga nan in ya ƙi, ba mai hurawa, sai a miƙa mata da hannu biyu a ce, "Kaka, a taimaka." Wani lokaci sai an yi tofin sau da yawa, sai ta ce a cikinmu akwai wanda bai yi sallar azahar ba. Kuma yawanci akwai ɗin.

Ba zan ce maka kowa ya so abin ba. Malaminmu na allo ya ce tun da akwatin nan ya shigo unguwa hadda ta gudu. Baba ya ce shiririta ce tsagwaronta, mutum ya zauna yana wahalar da yatsu a kan abin da ba zai ci ba, ba zai sha ba. Kuma ba ƙarya suka yi ba duka. Mun yi faɗa a kan layi, an fasa wa wani leɓe, ni kaina na sha rufe ido a aji in ga ramuka. Amma Kaka tana da nata maganin. Ana kiran salla za ta miƙa sandarta ta zare wayar daga bango, ko kana bakin cinye wasan. Ba roƙo, ba ɗaukaka ƙara.

Lokacin da ta fi so kuwa shi ne in an ɗauke wuta. Mu mu yi ta tsaki, amma ba mai tashi, don kada ya rasa layinsa in an kawo. Sai mu zauna jugum a kan tabarma, zafi na dukanmu, ita tana fifita da maficinta. A nan take buɗe baki. Ba tatsuniya take yi mana ba, ta ce mun girme ta. Labarin gidajenmu take ba mu: kakan wane da ya zo daga Barno da buhun littattafai ya sauka a zauren kakan wane, rijiyar da ke bayan masallaci da wanda ya haƙa ta, yadda gidan su wannan da gidan su wancan asalinsu gida ɗaya ne aka ja katanga. Yara biyu da suka yi dambe jiya sai su ji ashe 'yan'uwa ne. In wuta ta dawo muka yi ihu, sai ta ce ita dai ba ta taɓa jin haushin masu ɗauke wutar nan ba.

Abin bai ɗore ba. Wani saurayi ya buɗe shagon gem a bakin titi, da talabijin jere, da injin wuta, da wata sabuwar na'ura mai faifai wadda ake buga ƙwallo a cikinta, 'yan wasan kamar ka kira su su amsa. Can ba sallama, ba durƙuso, ba mai zare waya in an kira salla. Ka biya, ka zauna. Manyan cikinmu suka fara ɗauke ƙafa, sai na tsakiya. Ƙanana suka ɗan jima, su ma daga baya suka gwammace su tsaya a bakin shagon suna kallon na wasu. Ni kuwa Baba ya rantse in ya gan ni a wurin sai ya karya ni, don ya ce matattarar 'yan shaye-shaye ce. Ban sani ba ko haka ne. Na dai san abokan da gem ya kawo mini, gem ya kwashe su.

Kaka ba ta gane ba da farko. La'asar na yi sai ta sa kwalli, ta sa in share ɗaki in shimfiɗa babbar tabarma. Ta sa aka soya gyaɗa aka zuba a kwano. Muka zauna. Ta ce, "Maigida, ko mun yi musu wani laifi ne?" Na gaya mata zancen shagon. Sai ta ce in kunna namu, in ƙure murya, in ɗage labule, wataƙila sun ɗauka ya lalace ne. Na yi yadda ta ce. Kiɗan nan ya yi ta tashi, yana fita tsakar gida, yana bi ta zaure. Muna jin takun yara a lungu, su taho da gudu, su wuce da gudu. Gyaɗar nan ni na cinye ta a hankali cikin kwanaki, har ta yi sanyi ta daina ƙaras-ƙaras.

Ranar da na fi tunawa a cikin damina ce. An wuni ana ruwa, indararo na zuba, mun tara kwano a inda azara ke ɗiga, kuma abin mamaki ba a ɗauke wuta ba. Ina wasa ni kaɗai, ba daɗi, don gem in ba mai kallonka ba mai yi maka dariya, aiki ne kawai. Hannu na biyu na yashe a kan tabarma, wayarsa a nannaɗe. Sai na ji Kaka ta ce, "Miƙo mini ɗayan."

Na ɗauka tsokana ce. Ta karɓa ta riƙe shi da yatsu kamar an ba ta jaririn da ba a yi wa wanka ba. Na nuna mata: wannan tafiya, wannan tsalle. Wasan karɓa-karɓa ne, in nawa ya faɗi sai nata ya fito. Nawa ya faɗi, nata ya fito ya tsaya a farkon hanya, inda ba rami ba abin cizo. Na ce, "Kaka, danna mana." Ta ce a'a. Ta ga abin da ke gaba, ita ba za ta kai ɗan mutane ga halaka ba, a bar shi nan inda yake lafiya. Na yi magiya, ta ƙi. Bawan Allah yana tsaye, mu muna zaune, ruwa na zuba. Can kiɗan ya soma sauri. Kafin in yi mata bayani, sai ya yi sama ya faɗo, allon ya yi baƙi.

Ta saki hannun a cinyarta. "Ban taɓa shi ba. Wallahi ban taɓa shi ba. Me ya same shi?"

Na nuna mata wasu lambobi a saman allon da ke ta raguwa tun ɗazu. Na ce lokaci ake ba shi, ko ya tafi ko ya tsaya, in ya ƙare shi ke nan.

Ta daɗe tana kallon talabijin ɗin. Sannan ta ce, "To, wannan kam ba su yi ƙarya ba."

Daga ranar muka zama abokan wasa, ni da ita. Ba ta taɓa yarda ta matsa da shi gaba ba. Iyakarta ta sa shi ya yi tsalle a inda yake, ta yi dariya har da tari. In layinta ya zo sai ta ajiye hannun ta ce a bar shi ya huta, ta juyo ta tambaye ni makaranta, da wa na gani a hanya, da ko an gama ginin gidan su wane. Na zama ni kaɗai ne mai kawo mata unguwa, ni kuwa ba na zuwa ko'ina, daga makaranta sai gida. Sai na koyi buɗe ido a hanya don in sami abin faɗa mata. Wani lokaci ina sane nake jefa nawa a rami don layinta ya zo, saboda ni ma hirar nake so. Tana ganewa. Sai ta ce, "Maigida, hannunka ya lalace," in ce tsufa ne, zama da tsohuwa ya shafe ni.

Ina sakandare ta rasu, da rana tsaka, bayan gajeriyar jinya. Ranar ɗakin ya sake cika. Yaran nan duk sun zo, sun zama samari, wasu da gemu ya fara tsirowa. Na ga sun cire takalma a waje, sun yi sallama, sun shigo sun durƙusa a gaban gadon da ba kowa a kai, don a nan suka saba durƙusawa. Ɗaya daga cikinsu ya riƙe ni yana kuka yana cewa kullum yana niyyar shigowa. Na yarda da shi. Tsakanin shagon da ɗakin ba nisa, sai dai ba abin da zai sa ka bi ta nan.

Yanzu Umma ce a ɗakin. Baba ya rasu, ƙannena suna gidajen mazajensu, 'ya'yan Baffa sun yi gini a bayan gari, ni ma can nake. Gidan da da sai ka yi da gaske za ka sami wurin shanya, yanzu Umma ce da wata 'yar'uwa da ke kwana da ita. An yi wa ɗakin siminti da silin, an kwashe kwanonin, amma man zafi ya dawo, don gwiwa ta kama ta ita ma. Ƙannena suna turo mata saƙon murya a waya. In an kunna mata, sai ta riƙa amsawa da baki, lafiya lau, alhamdu lillahi, ina gajiya, ba tare da ta danna komai ba. In saƙon ya ƙare ta ajiye wayar, ita a ganinta an gaisa.

A majalisarmu in aka tashi zagin gem, cewa ya lalata yara, ya hana su karatu, ya koya musu harbi, ba na sa baki sosai. Wanda ya yi tofi a kaset ba shi da bakin zagi. Na zauna na kalli na ɗana, kuma tsakani da Allah abin gwanin kyau ne. Turancin da yake yi ma rabinsa can ya tsinto. Abin da ke damuna daban ne. Namu guda ɗaya ne a duk lungu, in kana so sai ka taka ka shiga gidan wani, ka yi sallama, ka jira layi, ka sha tambaya wajen tsohuwa. Nasu kowa da nasa a aljihu, allo ɗaya fuska ɗaya, ga abin toshe kunne. Ba ƙofar da za ka tsaya a bakinta. Yaro yana iya wuni yana wasa da mutum goma bai cire takalmi a gidan kowa ba.

Ranar Juma'a nake kai shi gaida Umma. Yana durƙusawa, ban rage shi da wannan ba, amma kafin ta gama amsa ina wuni ya koma gefe ya zaro waya. Ita kuma ta shirya masa tsokanarta tun safe. Rannan ta ce, "Angona, yau ma hannu rabbana ka zo mini? To ni na fasa auren." Kunnuwansa a toshe, yana ta magana da Turanci, yana dariya, yana ba da umarni. Ta jira amsa, ba ta samu ba. Ta gyara zaman ƙafarta. Na ji kunya ta kama ni, na yunƙura zan daka masa tsawa, ta ɗaga hannu alamar in bar shi.

Har yau Umma ba ta cika yi mini magana kai tsaye ba, sai dai ta faɗa wa iska ni kuma in amsa. Ta kalli bango ta ce, "Wai da wa yake magana haka?"

Na ce da abokan wasansa ne, suna wasu ƙasashe.

"Mutane ne na gaske?"

"Na gaske ne, Umma."

"Kuma suna jinsa yanzu haka?"

Na ce suna ji. Sai na ga ta jawo mayafinta ta rufe kai sosai, ta gyara zama, kamar an yi sallama a zaure. Ta ce, "To a ce ina gaishe su. A ce su gaida iyayensu."

Na taɓa yaron, ya ɗaga kunne ɗaya, na faɗa masa. Ya yi 'yar dariya, ya ce to, ya mai da abinsa. A hanyar komawa gida na tambaye shi ko ya isar da saƙon. Ya ce, "Baba, ai ban san su ba." Na'ura ce take haɗa su, in ji shi, in an gama zagaye ɗaya kowa ya watse, a haɗa ka da wasu. Ko sunayensu na gaskiya bai sani ba. Waɗanda ake wasan da su lokacin da ta yi magana, kafin ya buɗe baki sun tafi, kuma ba zai sake gamuwa da su ba har abada. Ba da rashin kunya ya faɗa ba. Shi bai ga abin damuwa a ciki ba.

Juma'ar da ta biyo baya yana da jarrabawa, ni kaɗai na je. Na yi sallama, na cire takalmi, na durƙusa. Ban gama gaisuwa ba ta katse ni, kuma a wannan karon ni ta kalla, ido cikin ido, abin da ba ta saba ba.

"Mutanen nan na wancan makon, sun amsa?"

Na dubi tabarma. Na san duk makon nan ba baƙon da ya shigo ɗakin in ban da mai kawo ruwa.

Na ce, "Suna amsawa, Umma."

"Madalla," in ji ta. "'Ya'yan kirki." Ta koma kallon bango, fuskarta a sake. Can ta ƙara da cewa in sun shigo gari a kawo mata su, ɗakin da faɗi.